Wa zai titsiye na'ura idan ta ba da shaida a kotu?

Tsakanin 1999 da 2015, an gurfanar da mutane sama da 900 masu kula da ƙananan rassan gidan waya a Birtaniya bisa zargin sata ko aringizon lissafi. Babu wanda ya gan su suna ɗibar kuɗi. Babbar shaidar da ta tsaya a kansu ita ce wata manhajar lissafi mai suna Horizon, ƙirar kamfanin Fujitsu, wadda kan nuna cewa kuɗin reshe sun yi giɓi. Wasu suka sayar da abin da suka mallaka suka cike giɓin, wasu suka amsa laifin da ba su yi ba don gudun ɗauri, wasu kuma aka ɗaure su. Sai a Disamban 2019, a shari'ar da mutum 555 suka shigar, Mai Shari'a Peter Fraser ya tabbatar da cewa manhajar cike take da kurakurai masu iya haifar da giɓin ƙarya. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mutum 39 a zama ɗaya, a 2024 kuma majalisar dokokin ƙasar ta yi doka ta musamman ta soke hukuncin da aka yanke wa ɗaruruwa.

Ruwa ba ya tsami banza. A dokar Ingila ta 1984 akwai wani sashe, na 69, da ya wajabta wa mai gabatar da ƙara ya nuna cewa kwamfutar da ta fitar da hujja tana aiki daidai. A 1999 aka soke sashen, saboda ana ganin yana cin lokacin kotu. Daga nan sai aka koma ga ƙa'idar ɗaukar cewa na'ura lafiyarta ƙalau har sai an kawo dalilin da ya nuna akasin haka. Nauyin kawo dalilin ya koma wuyan wanda ake tuhuma, mutumin da bai taɓa ganin cikin manhajar ba, ba shi da kuɗin ɗaukar ƙwararre, bai ma san abin da zai nema a ba shi ba.

Na fara da wannan ne domin a nan hankalin masana dokokin intanet da masu binciken ƙwaƙwaf na na'urori ya fi karkata a 'yan shekarun nan. A da, babbar tambayar fannin ita ce yadda za a zaƙulo bayani daga cikin na'ura. Yanzu wata tambaya ta biyo bayanta, kuma a ganina ta fi ta nauyi: bayanin da aka zaƙulo, wane irin tabbaci muke da shi a kansa, kuma wa aka bai wa damar ya gwada shi?

Fannin bai daɗe ba. Wani babban taron masana da ya zauna don ba shi ma'ana da tsari an yi shi a 2001 a garin Utica na jihar New York. A lokacin aikin yana da sauƙin fahimta. Jami'i ya kashe kwamfuta, ya ciro faifan ajiyarta, ya jona shi da wata na'ura mai hana a rubuta komai a kansa, sannan ya kwafe shi baki ɗaya. Daga nan sai a yi wani lissafi da ke fitar da jerin lambobi da haruffa, wanda yake kamar zanen yatsan faifan: ko ɗigo ɗaya aka sauya, jerin zai sauya. Idan na asali da na kwafi suka zo ɗaya, an tabbatar wa kotu ba a taɓa komai ba. Fayil ɗin da aka goge kuwa yana nan kwance, sunansa kawai aka cire daga jerin, sai an rubuta wani abu a kansa yake ɓacewa. Da irin wannan aiki aka kama Dennis Rader a Amurka a 2005, bayan ya shafe shekaru kusan 30 ana nemansa kan kashe-kashe. Ya aika wa wata tashar talabijin ƙaramin faifai, masu bincike suka tarar da ragowar wata takarda da aka goge, mai ɗauke da sunan cocin da yake zuwa da sunansa na farko.

A 2010 masanin nan Simson Garfinkel ya rubuta cewa zamanin albarka na fannin yana gab da ƙarewa, kuma maganarsa ta tabbata. Sababbin faifan ajiya marasa juyawa suna share abin da aka goge da kansu, ko mai bincike bai taɓa su ba, har ta kai kwafin da aka ɗauka da safe zai iya saɓa wa na yamma. Wayar salula ta maye gurbin kwamfuta a matsayin babbar taskar hujja, kuma tana zuwa a kulle daga masana'anta. Tun 2016 saƙonnin WhatsApp a sirrance suke daga mai aikawa zuwa mai karɓa, kamfanin ma ba ya iya karantawa. A ƙarshen 2024 Apple ya ƙara wa wayoyinsa wani tsari da ke sa waya ta kashe kanta ta sake tashi idan ta kwana uku ba a buɗe ta ba, abin da ke mayar da ita halin da ta fi wuyar fasawa. Saboda haka mai bincike a yau sau da yawa dole ya yi wa wayar kutse kafin ya samu shiga, ya yi amfani da wata kafa da masu ƙera ta ba su toshe ba. Wanda ya yi kutse kuwa ya riga ya sauya wani abu a ciki. Tsohuwar ƙa'idar “kada ka taɓa komai” ta koma “rubuta duk abin da ka taɓa, ka iya bayyana tasirinsa”, kuma bincike mai yawa yanzu yana kan yadda za a auna wannan tasiri.

Matsalar ita ce kayan aikin fasa wayoyin na 'yan kasuwa ne, irin su Cellebrite da GrayKey, kuma sirrin yadda suke aiki shi ne jarinsu. A Afrilun 2021 Moxie Marlinspike, wanda ya kafa manhajar saƙon sirri ta Signal, ya nuna cewa za a iya ajiye wani fayil na musamman a cikin waya wanda, idan na'urar Cellebrite ta karanta shi, zai iya gurɓata rahoton da take fitarwa. Wannan bai nuna an taɓa yin hakan a wata shari'a ba. Abin da ya nuna shi ne kayan da kotuna ke dogaro da su manhaja ce kamar kowace, mai iya kuskure kuma mai iya yarda da ƙarya.

Kuskuren kuma ba sai da mugun nufi ba. A 2019 hukumomin Denmark suka gano cewa tsarin da 'yan sanda ke amfani da shi wajen juya bayanan kamfanonin waya yana zubar da wasu layuka, wasu lokutan kuma ana danganta waya da turken sadarwar da ba shi ba ne. Aka sake duba shari'u sama da 10,000, aka dakatar da amfani da irin wannan hujja na wata biyu, aka saki mutum 32 daga tsare. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan labari shi ne hujjar wurin da waya take, wadda alƙalai ke kallo kamar an ga mutum da ido, ta daɗe tana shiga kotu ba tare da wani ya tambayi yawan kuskurenta ba.

Shi kansa ƙwararren ma an fara auna shi. A wani nazari da Nina Sunde da Itiel Dror suka wallafa a 2021, an bai wa masu binciken na'urori 53 kwafin faifai guda, amma aka ba su labarin shari'ar daban-daban: wasu aka karkatar da su ga cewa mai kwamfutar yana da laifi, wasu ga cewa ba shi da shi, wasu ba a ce musu komai ba. Abin da suka gano da yadda suka fassara shi ya bambanta, kuma labarin da aka fara ba su ya yi tasiri a kan yawan alamun da suka gani. Faifai ɗaya ne, lambobin cikinsa ba su sauya ba. Wannan ya sa ake ta nazarin hanyoyin da za a ɓoye wa mai bincike bayanan da ba ya buƙata, da yadda zai riƙa faɗin ƙarfin hujjarsa da ma'auni, ya ce wannan alama ta fi dacewa da bayanin mai ƙara fiye da na wanda ake ƙara da kaza, maimakon ya ce wa kotu kai tsaye “shi ya yi”. Samun fayil a cikin kwamfutar mutum ba ya nufin shi ya sa shi. A wata shari'a a Indiya, kamfanin bincike na Arsenal Consulting ya ba da rahoto a 2021 cewa takardun da aka dogara da su wajen tsare ɗan fafutuka Rona Wilson, wani mai kutse ne ya dasa su a kwamfutarsa ta hanyar muguwar manhaja. A Turkiyya kuma, a shari'ar hafsoshin sojan da aka zarga da shirya juyin mulki, an tarar da cewa takardun da aka ce an rubuta a 2003 suna ɗauke da salon haruffan Calibri, wanda bai shiga hannun jama'a ba sai da Office na 2007.

Ta ɓangaren doka, inda aka fi zubar da tawada shi ne batun iyakokin ƙasa. Laifi na iya faruwa a ƙasa ɗaya, mai laifin yana ta biyu, hujjar kuma tana kwance a rumbun wani kamfani a ta uku. A Disamban 2013 wata kotun Amurka ta umarci Microsoft ya miƙa saƙonnin imel na wani da ake bincike kan miyagun ƙwayoyi. Kamfanin ya ƙi, ya ce saƙonnin suna rumbunsa na Dublin, ikon kotun bai kai can ba. Shari'ar ta kai Kotun Ƙoli, amma kafin a yanke hukunci majalisa ta yi dokar CLOUD a Maris na 2018, wadda ta ce kamfanin da ke ƙarƙashin ikon Amurka dole ya miƙa bayanan da ke hannunsa ko a ina ya ajiye su. Tarayyar Turai ta bi da nata tsarin a 2023, inda alƙali a wata ƙasar ƙungiyar zai iya umartar kamfani a wata kai tsaye ya miƙa bayani cikin kwana 10, ko awa 8 idan na gaggawa ne. Tsohuwar hanyar neman taimako tsakanin gwamnati da gwamnati takan ci watanni, kafin amsa ta zo an goge bayanan.

Yarjejeniyoyin duniya ma sun ƙaru. Ta Budapest, wadda ƙungiyar ƙasashen Turai ta Council of Europe ta buɗe don sa hannu a 2001, ita ce uwa, kuma an yi mata ƙari a 2022 kan musayar hujjar lantarki. Tarayyar Afirka ta amince da ta Malabo a 2014, amma ba ta fara aiki ba sai 2023, saboda jinkirin samun ƙasashe 15 da za su tabbatar da ita. A ranar 24 ga Disamban 2024 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabuwar yarjejeniya kan laifukan intanet, wadda Rasha ce ta fara kawo shawararta, aka kuma buɗe ta don sa hannu a Hanoi a Oktoban 2025. Masu kare haƙƙin ɗan'adam suna sukar ta a kan cewa ta ba da damar neman hujjar lantarki kan duk laifin da hukuncinsa ya kai ɗaurin shekara 4, alhali a wasu ƙasashe sukar gwamnati ma ta kai hakan. Sukar tana da tushe. Amma akwai wata gaskiyar da ba a cika faɗa ba: ƙasashen da manyan kamfanonin intanet ba a cikinsu suke ba, su ne ke shan wahalar samun hujja ko da a kan kisa ko satar mutane, kuma wannan buƙata ce ta sa da yawansu suka goyi bayan yarjejeniyar. Binciken da zai yi amfani shi ne wanda zai riƙe gaskiyar biyu tare.

Rikicin sirranta saƙo kuwa bai mutu ba tun bayan taƙaddamar Apple da hukumar FBI a 2016 kan buɗe wayar wani mahari da ya kashe mutane a garin San Bernardino na Amurka, wadda ta ƙare ba tare da hukunci ba bayan hukumar ta samu wani ya buɗe mata wayar. Gwamnatoci na son a bar musu ƙofar baya, masana lissafin sirri kuma sun daɗe suna cewa ƙofar da aka bar wa ɗan sanda ɓarawo ma zai same ta. A Fabrairun 2024 Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai, a shari'ar Podchasov da Rasha, ta ce tilasta wa kamfani ya raunana sirrin saƙonnin kowa da kowa ya saɓa wa 'yancin sirri.

Da 'yan sanda suka ga ƙofar ba za ta samu ba, sai suka sauya dabara. A 2020 jami'an Faransa da Holan suka kutsa cikin EncroChat, wani tsarin wayoyin sirri da gungun masu laifi suka fi amfani da shi, suka kwashi saƙonni sama da miliyan 100, kuma zuwa 2023 hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, Europol, ta ce an kama mutum sama da 6,500. FBI ta wuce nan, ta gudanar da nata tsarin wayoyin mai suna ANOM a ɓoye, ta bar masu laifi suna saye har zuwa Yunin 2021. Nasara ce babba ta fuskar kama masu safarar ƙwayoyi da masu kisa, ba na musun haka. Sai dai Faransa ta sanya yadda aka yi kutsen EncroChat cikin sirrin tsaron ƙasa. Lauyan wanda ake tuhuma a Jamus ko Ingila yana riƙe da jerin saƙonnin da aka ce na wanda yake karewa ne, ba shi da hanyar sanin ko cikakku ne, ko an zubar da wasu, ko lokutan da ke jikinsu daidai ne. A Afrilun 2024 Kotun Tarayyar Turai ta ce idan wanda ake tuhuma ba zai iya yin tsokaci mai ma'ana a kan irin wannan hujja ba, kuma ita ce za ta rinjayi hukunci, to dole kotu ta ajiye ta gefe. Kafin nan, a Satumban 2023, Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta samu Turkiyya da laifi kan ɗaure wani malamin makaranta, Yüksel Yalçınkaya, saboda an ce ya yi amfani da manhajar saƙon sirri ta ByLock, wadda hukumomi suka ɗauka alamar zama ɗan wata haramtacciyar ƙungiya, ba tare da an ba shi damar gwada ainihin bayanan da hukumar leƙen asiri ta tattara ba. Kotun ta ce akwai ƙorafe-ƙorafe kusan 8,500 irin nasa a gabanta.

Sai ƙirƙirarriyar basira, wadda ta shigo ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce jabun murya da bidiyo. A farkon 2024 wani ma'aikacin kamfanin Arup a Hong Kong ya tura kimanin dala miliyan 25 bayan taron bidiyo da mutanen da ya ɗauka shugabanninsa ne, ashe duk ƙirƙirar su aka yi. Muna cewa gani ya kori ji, to yau ganin ma yana neman mai tsaya masa. Manhajojin gano jabu suna ƙoƙari a kan irin bidiyon da aka horar da su da shi, su raunana idan suka haɗu da sabo: a gasar da Facebook ya shirya a 2020, wadda ta zo ta ɗaya ta dace da kusan kashi 65 cikin 100 ne kawai a kan bidiyon da ba ta taɓa gani ba. Shi ya sa wasu masana suka juya ga tabbatar da asali tun daga tushe, wato kyamara ta sa wa hoto hatimin sirri a lokacin ɗaukarsa, a riƙa rubuta duk gyaran da aka yi masa, kamar yadda ƙawancen C2PA da aka kafa a 2021 yake ƙoƙarin yi. Illar da ta fi damuna ita ce wadda Bobby Chesney da Danielle Citron suka kira ribar maƙaryaci: da zarar jama'a sun san ana iya ƙirƙirar bidiyo, mai laifin da aka ɗauka da gaske sai ya ce na bogi ne. Wannan barazana ce kai tsaye ga masu tattara hujjar laifukan yaƙi daga shafukan sada zumunta, aikin da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya ta dogara da shi a 2017 wajen ba da sammacin kama kwamandan Libiya Mahmoud al-Werfalli.

Ƙofa ta biyu ita ce amfani da basirar wajen tace hujja. Waya ɗaya na iya ɗauke da saƙonni dubu ɗaruruwa, ɗakunan bincike kuma sun cika da na'urorin da ke jiran layi, don haka ana ta gina manhajojin da za su karanta su zaɓo abin da suke ganin yana da muhimmanci. Buƙatar gaskiya ce. Amma manhajar da aka koya wa neman alamar laifi, wa ya koya mata neman saƙon da zai wanke mutum? Kuma yawancinsu da manyan harsuna aka horar da su, ga shi mutane suna hira da karin magana da habaici da zaurance, suna cakuɗa harshe biyu a jimla ɗaya. Barkwanci tsakanin abokai na iya fitowa a rahoto a matsayin barazanar kisa. Idan ba a yi hattara ba za a yi gudun gara a faɗa gidan zago, a rage jiran layi a ƙara yawan hukuncin kuskure. A Amurka an fitar da daftarin sabuwar ƙa'idar shaida mai lamba 707 a 2025 don jin ra'ayin jama'a, wadda ke neman a auna abin da na'ura ta fitar da ma'aunin da ake auna shaidar ƙwararre. Irin wannan gardama ta taso a shari'ar Roman Sterlingov, wanda aka samu da laifi a 2024 kan gudanar da dandalin wanke kuɗin kirifto na Bitcoin Fog, inda lauyoyinsa suka ƙalubalanci manhajar Chainalysis da aka bi sawun kuɗin da ita, suka nemi a faɗi yawan kuskurenta. Alƙalin ya karɓi hujjar, amma tambayar ta ci gaba da yawo a tsakanin masana.

Idan aka dubi inda kuɗi da ƙwazo ke tafiya, mafi yawa suna wajen fasa na'ura da saurin tace bayani, domin mai sayen kayan gwamnati ce. Gwajin kayan aiki mai zaman kansa, irin wanda hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, ta daɗe tana yi, ba ya iya cim ma manhajojin waya da ke sauyawa kusan kowane mako. Ƙwararren da zai tsaya wa talakan da ake tuhuma kuwa tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin mutane a kusan kowace ƙasa. A shari'ar Horizon, kamfanin Fujitsu yana da kundin kurakuran da aka riga aka sani, amma bai fito fili sosai ba sai da mutum 555 suka haɗa ƙarfi da tallafin masu zuba kuɗi a shari'a, kuma mafi yawan diyyar da suka samu a 2019 ta tafi wajen biyan kuɗin shari'ar.

A Janairun 2025 Ma'aikatar Shari'a ta Birtaniya ta nemi masana da jama'a su ba da ra'ayi kan ko a gyara ƙa'idar nan ta ɗaukar kwamfuta a matsayin mai gaskiya. Wurin da aikin ya fi wuya shi ne shata iyaka, domin ba zai yiwu a ce duk hoton waya ko saƙon tes da za a kawo kotu sai an kira injiniya ya yi rantsuwa a kansa ba, haka kuma ba zai yiwu a bar manhajar lissafi mai rassa dubbai ta wuce da irin sauƙin da hoton ya wuce ba. Daga cikin shawarwarin da wasu lauyoyi da masana manhaja suka daɗe suna bayarwa akwai cewa duk mai kawo hujja daga babban tsari ya fara miƙa kundin kurakuransa da tarihin gyare-gyarensa da bayanin waɗanda ke da ikon shiga su sauya lambobi daga nesa, kafin a nemi wanda ake tuhuma ya ce komai.